Takalmi Ma Kayan Aikin Gona Ne

Da zarar an yi ruwan shuka, kowane manomi a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi ya kan duba kayan aikinsa. Ya kai galma maƙera a yi mata baki, ya sake wa hauya ƙota, ya auna iri, ya tambayi kuɗin buhun taki. Mai shanun huɗa ya duba kofaton bijimansa ɗaya bayan ɗaya. Amma ƙafar da za ta kai shi gonar, ta bi kunya tun daga shuka har girbi, ba safai a ke tunawa da ita ba. Sai a zura silifa a tafi, in an kai bakin gona ma a tuɓe su a ajiye gindin itace.

Wannan lissafi da gyara. Hauya in ta karye a kan ari ta maƙwabci a ƙarasa aiki, amma ba a aron ƙafa. Saboda haka ya kamata takalmin gona ya shiga jerin kayan aiki, a ware masa kuɗi tun da bazara kamar yadda a ke ware na taki, a kuma zaɓe shi bisa ga aikin da za a yi da shi.

Abin Da Ke Jiran Ƙafa A Gona

Na farko ƙaya. Tsidau da ƙarangiya da ƙayar aduwa da farar ƙaya duk manomi ya san su. Bayan girbi kuma ga tushiyar dawa da ta gero, waɗanda a ka sare a karkace, tsininsu kamar mashi. Ga fasasshen kwalba da tsohuwar ƙusa da ke biyo takin bola daga cikin gari. Mutane sun raina irin wannan rauni, amma ta nan ciwon sarƙe-haƙora ya ke shiga. Ƙwayar wannan ciwo tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta kuwa fi son rauni mai zurfi mai ƙaramin baki, watau irin wanda ƙaya ko ƙusa ke yi.

Na biyu tsutsa. Akwai wata tsutsar ciki wadda ƙwanta ke fita cikin bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai laima. 'Ya'yanta ba su ganuwa da ido. Su kan huda fatar ƙafa su bi jini har su kai hanji, su maƙale suna shan jinin mutum. Sai a ga ƙato ya yi fari, yana haki daga kunya biyu, a ce ragwanci ne, alhali jininsa ne ya ragu.

Na uku tsargiya. Tun da a ka gama madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa cikin 1983, mutanen wajajen Makera da sauran garuruwan bakin ruwa sun sami noman rani da su, wannan kuwa alheri ne babba. Amma ruwa mai kwanciya shi ne gidan ƙananan katantanwa da ke rainon tsutsar tsargiya. Tsutsar ta kan fito daga katantanwa ta yi iyo, ta huda fatar wanda ya tsaya cikin ruwan. Bayan 'yan makonni ko watanni sai fitsarin jini. Mai ban ruwa da ke wuni tsaye cikin kwatar lambu ba takalmi, shi ya fi kowa kusa da ita.

Na huɗu maganin feshi. Wannan kakanni ba su san shi ba. Yau kuwa da wuya a sami ƙauyen da ba a goya tankin feshi a kashe ciyawa ko ƙwarin wake. Mai feshi yana tafe ne cikin abin da ya fesa, ganye jiƙe da magani yana shafar ƙafarsa da ƙwaurinsa. Da yawa daga cikin magungunan nan suna ratsa fata su shiga jiki, balle ƙafa mai faso ko miki.

Na biyar, wanda ya fi duka, maciji.

Maganar Maciji

Ƙasar nan ta duwatsu ce, daga Dutsin-Ma har Birchi, maciji kuwa yana son kogon dutse da tarin kara da ƙarƙashin dami. Akwai kasa, akwai kumurci da gamsheƙa, amma wadda ta fi yi wa manoman Arewa ɓarna ita ce kububuwa. Ƙarama ce, ba ta cika wuce kamu ɗaya da ɗan kai ba, launinta kuma ya saje da ƙasa da busasshen ganye. Dafinta ya kan hana jini daskarewa. Wanda ta sara ya kan ga kamar ya tsira, kwana ɗaya ko biyu sai jini ya soma fita ta dasashi da tsohon miki da fitsari.

Likitoci sun daɗe suna nazarin wannan abu a ƙasar Hausa. Cikin shekarun 1970 an yi bincike mai zurfi a asibitin koyarwa na Zariya, an kuma bi ƙauyukan Malumfashi, nan kudu da Dutsin-Ma, ana ƙidaya waɗanda maciji ya sara. A Kaltungo ta Jihar Gombe har asibiti guda a ka keɓe domin saran maciji. Abin da a ka gane a ko'ina ɗaya ne: yawancin sara a ƙafa ya ke, daga tafi zuwa idon sawu zuwa ƙwauri, yawancin waɗanda a ke sara manoma ne da makiyaya, kuma abin ya fi yawa lokacin shuka da lokacin girbi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara a duniya, ban da waɗanda a ka yanke wa ƙafa ko hannu. Cikin 2017 ta sa saran maciji a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da a ka yi wa sakaci, cikin 2019 kuma ta fito da shirin rage mace-macen da rabi kafin 2030. Cikin shawarwarinta na rigakafi har da sa takalmi mai rufe ƙafa da riƙe fitila da dare.

Kada a ɗauka takalmi laya ce. Babban maciji mai dogon haƙori ya kan iya huda siririyar roba, hannu kuma yana fili lokacin roron wake da ɗaukar dami. Amma ƙaramin maciji ba ya kai sara sama ƙwarai, dogon takalmi mai kauri kuwa ya rufe daidai wurin da a ka fi sara. In an yi rashin sa'a an sami sara, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya, kada a ɓata lokaci wajen ɗora dutse. A kwantar da mutum, a cire masa zobe da abin hannu, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti a nemi allurar kashe dafi.

Kowane Aiki Da Takalminsa

Babu takalmi ɗaya da zai yi wa manomi kowane aiki daga rani zuwa damina. Iri uku ne ya kamata a sani.

Akwai takalmin taya, wanda a ke yankawa daga tsohuwar tayar mota. Ba a raina shi ba. Ƙasansa ƙaya ba ta huda shi, ga araha, ga daɗewa, ba ya kuma tara gumi. Domin tafiya kasuwa, ko kai taki gona da rani, ko kiwo a fili mai sarari, ya fi silifa nesa ba kusa ba. Aibinsa shi ne bayan ƙafa da idon sawu duk a buɗe su ke. Ba na shiga ciyawa ba ne, ba na feshi ba ne.

Akwai but na fata mai igiya, wanda ya rufe idon sawu. Shi ne na sassabe da saran itace da fasa dutse da gini, da duk aikin busasshiyar ƙasa. Fata tana shan iska, ba ta dafa ƙafa kamar roba, igiya kuma tana riƙe idon sawu kada a yi targaɗe a kan duwatsu. Amma fata tana shan ruwa, tana kuma shan maganin feshi, in ta sha kuwa wanki ba ya fitar da shi. Duk ranar da a ka sa takalmin, ƙafa tana cikin guba. Saboda haka ba a feshi da takalmin fata ko kambas ko kaɗan.

Sai dogon takalmin roba, wanda a ke kira takalmin ruwa, mai kaiwa kusa da gwiwa ya rufe sha-raɓa. Asalinsa aikin gona ne ya yaɗa shi. Wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ya gano yadda a ke dafa ƙaron roba da farar wuta ya yi ƙarfi, ba ya narkewa da zafi, ya yi rajistar dabarar cikin 1844. Cikin 1853 wani mai suna Hiram Hutchinson ya kafa masana'antar takalmin roba a Faransa, inda manoma ke shiga taɓo da takalman katako, su ka kuwa karɓe shi hannu biyu. Wannan takalmi shi ne na fadama, na ban ruwa, na feshi, na noma cikin marka, na shiga wake da gyaɗa da sassafe sa'ad da raɓa ba ta bushe ba.

To, wanda ƙarfinsa bai kai ya sayi duka ba, wanne zai fara saya? Dogon na roba. Dalili kuwa, cikin abubuwa biyar da a ka zana a sama, shi kaɗai ne ya ke tare wa ƙafa dukansu. Ya haɗa da takalmin taya domin zirga-zirga, ya sami na shekara. But na fata sai in hali ya samu.

Yadda A Ke Dubawa A Kasuwa

Yawancin takalman da ke zuwa kasuwannin nan daga Kano a ke saro su, waɗansu ƙirar masana'antun Kano ɗin, waɗansu daga Aba, waɗansu daga Sin. A kowane iri akwai nagari akwai na banza, ƙyalli kuwa ba ya raba su. Mai saye ya yi waɗannan gwaje-gwaje a gaban mai kaya, ba abin kunya ba ne.

Ya lanƙwasa takalmin daidai inda yatsu ke lanƙwasawa in an durƙusa. In wurin ya yi farin layi, ko ya ji shi ƙiƙam kamar bokiti, nan zai tsage kafin kaka. Nagari ya kan lanƙwasu ya koma yadda ya ke.

Ya danna ƙasansa da babban yatsa ta ciki. In yana jin yatsansa ta waje, ƙaya ma za ta ji. Ya duba zanen ƙasan, ya zama mai zurfi, tsakaninsa da faɗi, domin laka ta riƙa zubewa, kada santsi ya kwashe mutum a bakin kwata.

Ya duba mahaɗar sama da ƙasa, gama nan ruwa ya kan fara shiga. In da hali a tsoma takalmin cikin bokitin ruwa, a sa hannu ciki a ji. In na fata ne, a nemi mai ɗinki, kada a yarda da manne kaɗai. Ɗinki in ya tsinke shumeka zai mayar, manne kuwa in ya sha ruwa da rana ya saki ke nan.

Ya tambayi irin robar. Akwai ta ƙaron itace, akwai kuma ta masana'anta wadda a kan rubuta PVC a jikinta. Ta ƙaro ta fi laushi da daɗin tafiya, in ta huje mai faci zai like ta kamar tiyub, amma fetur da baƙin mai suna cinye ta. PVC ta fi araha, ta fi jure wa mai, amma ta fi tauri, faci kuma ba ya kama ta sosai. Mai injin ban ruwa da ke cikin fetur kullum ya lura da wannan.

Ya gwada ƙafa biyu, da safar da zai riƙa sawa, in so samu ne da yamma, domin ƙafa ta kan ɗan kumbura bayan wuni. A bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi. Ya yi taku goma. In diddige yana fita yana komawa, ya yi yawa, zai yi kanta, taɓo kuma zai zare shi. In ya matse, kada a ce zai buɗe, roba ba ta buɗewa. Lambar takalmi iri biyu ce a kasuwa: 8 ta Ingila ita ce wajen 42 ta sauran Turai, 9 kuwa wajen 43. Duk da haka ƙafa ita ce alƙali.

Waɗansu takalman suna da ƙarfe a baki domin kare yatsu. A kan buga musu lamba ISO 20345. In dogon na roba ne mai alamar S4, yana da ƙarfen yatsu. Mai alamar S5 yana da wannan, ga kuma faranti a ƙasa mai hana ƙusa hudawa. Suna da amfani ga mai shanun huɗa, wanda bijimi kan taka, da mai lodin buhuna da magini. Ga mai bin kunya wuni guda kuwa nauyi ne kawai, bai kamata ya biya kuɗin ƙarfen da ba ya bukata ba.

Gwanjo fa? A kan dace da but na fata nagari cikin gwanjo, amma a yi hankali da ƙasansa. Akwai wata roba mai kama da soso wadda in ta daɗe a ajiye ta kan ruɓe daga ciki, a ido lafiya lau, kwana uku da sawa sai ta marmashe kamar ƙuli. A murɗa ƙasan da hannu biyu, a kankare da farce. In yana zuba, a ajiye.

Masu Cewa A'a

Akwai masu cewa iyaye da kakanni sun yi noma ba takalmi, ga shi sun cika rumbu. Gaskiya ne sun cika. Amma ba su goya tankin feshi ba, ba su zuba takin bola mai kwalba da allurar asibiti ba. Waɗanda kububuwa ta kashe a cikinsu kuma ba su nan balle su ba da labari.

Akwai masu cewa takalmin roba zafi gare shi da nauyi, laka kuma tana kama shi, yana rage wa mutum sauri. Wannan ƙorafi da gaskiyarsa, ba a musa ba. Maganinsa safar auduga mai kauri, da tuɓe takalmi a sha iska lokacin hutun fura, da wanke ƙafa a tsane tsakanin yatsu in an koma gida. Ba dole ne a sa shi wajen huɗar busasshiyar jigawa da tsakar rana ba. Inda ya zama tilas shi ne ciyawa mai duhu, da ruwa, da feshi, da girbi, da fitar asuba ko ta dare.

Akwai masu cewa tsada. To, a yi lissafi. A ƙaddara, misali, wani takalmi naira 6,000 ne amma damina ɗaya zai yi, wani kuwa naira 15,000 amma zai yi damina uku. Na farkon ya ci 18,000 cikin shekara uku, na biyun 15,000, watau mai tsadar shi ne mai araha. Da ma an ce araha ba ta ado. Sa'an nan a auna da ɗaya gefen. Manomin da ƙusa ta kwantar mako biyu cikin Yuli, ciyawa ba za ta jira shi ba. Ko ya biya 'yan ƙwadago, ko ya bar gero cikin sabara. Wanda maciji ya sara kuwa, ga kuɗin mota, ga na allura, ga na jinya, sau da yawa sai an sayar da akuya ko an jinginar da gona. Kuɗin takalmi bai kai ko kusa ba.

Akwai kuma dariya. Wani ya kan ji nauyin a gan shi da dogon takalmi a ce ya zama malamin gona. Masu dariyar ba su ne za su yi masa maimai ba in ya kwanta.

Yadda Zai Daɗe

Rana da wuta su ne abokan gaban roba. In an dawo gona a wanke laka, a kafa sanda biyu a inuwa a kife takalman a kai, ciki ya bushe. Kada a shanya su a kan kwano, kada a kanga su a murhu. Na fata a goge shi, a bar shi ya bushe a inuwa, a shafa masa man kaɗanya jefi-jefi kada ya tsage. Ƙaramin huji a kai shi faci tun bai yi baki ba.

In an yi feshi, a wanke bayan takalmin tun yana ƙafa kafin a tuɓe, nesa da rijiya da inda dabbobi ke sha. Lokacin feshi ƙafar wando ta sauko a kan takalmi, kada a cusa ta ciki, in ba haka ba maganin da ya gangaro zai taru a cikin takalmin. Kowace safiya kuma a kife takalmi a buga shi da ƙasa kafin a zura ƙafa, gama kunama tana son kwana a ciki.

Kira Ga Masu Hali

Magidanci ya tuna ba shi kaɗai ke shiga gona ba. Mata da yara su ke roron wake da kalar gyaɗa, su ke shiga daji neman itace da ciyawar awaki, su ne kuwa a ka fi bari da silifa. In ba a iya saya wa kowa ba, a sayi ƙaramin lamba guda a ajiye, duk wanda zai shiga duhuwa ya sa.

'Yan kasuwa su daina kawo manyan lamba kaɗai, su kawo 36 zuwa 40 saboda mata da samari, su kuma gaya wa mai saye gaskiyar irin robar. Wanda ya sayar da nagari a Kurfi bana, mutanen Wurma da Rawayau za su neme shi baɗi.

Ƙungiyoyin manoma da ke haɗa kuɗi su sayi taki, su haɗa na takalmi su saro dozin, zai fi sauƙi. Ƙananan hukumomi da hukumar KTARDA, duk sa'ad da za su raba tankin feshi, ya kamata takalmi da safar hannu su biyo shi, domin ba mutum magani mai guba ba tare da abin kare jiki ba rabin taimako ne. Malaman asibiti da akawuna da ke da gona a ƙauye su fara da 'yan ƙwadagonsu, jama'a za su gani su kwaikwaya.

Bana, in an je kasuwa sayen iri da taki, a biya ta rumfar masu takalma tun kuɗin bai ƙare ba. A lanƙwasa, a danna, a gwada, a taya. Rigakafi ya fi magani.